Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Yadda Za Mu Tsara Ayyukanmu Idan Sun Yi Yawa

'Yan'uwa, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da wuya a sami ikilisiyar da ke riƙe da aiki ɗaya tak. Akwai ƙungiyar ajiya da rance ta zumuntar mata. Akwai rumbun tsimi inda ake tara hatsi saboda lokacin ƙunci. Akwai famfon tuƙa-tuƙa mai jiran gyara, da ajin yaƙi da jahilci, da ɗan lambun renon itatuwa, wani wurin har da rufin majami'a mai yoyo. Dukansu ayyuka ne masu kyau, babu na yarwa. Amma idan muka duba sosai za mu ga mutum huɗu ko biyar ne ke ɗauke da su duka, kuma kowannensu manomi ne, yana da gona da iyali da dabbobi.

Abin da ke biyo baya mun san shi. A fara aiki da murna, a kai rabi, wani ya taso, a bar na farko. Siminti ya daskare a ɗaki. Itatuwan da aka rena wata uku su bushe a leda. Kuɗin sayen hatsi ya zauna a hannu har farashi ya tashi. Daga nan sai zargi ya shiga tsakanin 'yan'uwa, masu ba da gudummawa su ja baya, wanda ya fi kowa ƙoƙari ya gaji ya ajiye. Yawancin lokaci ba lalaci ne ya kawo haka ba, ba kuma rashin gaskiya ba. Rashin tsari ne. Ga wasu hanyoyi masu sauƙi da za su taimake mu. Babu wadda ke buƙatar kuɗi mai yawa ko ilimi mai zurfi.

1. Mu fara da zana shekararmu

Kafin a ce za a yi kaza, a fara sanin lokacin da mutane ke da hannu. A tara maza da mata da matasa a inuwa, a ja layuka goma sha biyu a ƙasa, kowane layi wata guda. A kawo tsakuwa. A ƙarƙashin kowane wata a ajiye tsakuwa daga ɗaya zuwa biyar don nuna yawan aikin gona. A sake yin haka don kuɗi a hannu, da hatsi a rumbu, da rashin lafiya, da yawan matasan da ke gida. Wanda bai iya karatu ba ma zai iya sa hannu a wannan aiki. Idan an gama, sakatare ya kwafe shi a babbar takarda a manna a bango.

A yankinmu hoton zai fito kamar haka:

Bazara, daga Maris zuwa Mayu. Zafi ya tsananta, ana sharar gona da kai taki. Ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa sosai. Wannan ne lokacin haƙa rijiya ko yashe ta, domin rijiyar da ta ba da ruwa a bazara za ta ba da shi duk shekara. Shi ne kuma lokacin gyaran rufi, da tanadin iri da takin zamani.

Damina, daga Yuni zuwa Satumba. Shuka, noman firi, maimai, zuba taki. Ruwa ya fi yawa a watan Agusta, hanyoyin ƙauye sukan lalace, zazzaɓin cizon sauro ya yawaita, rumbuna sun kusa ƙarewa, hatsi ya yi tsada a kasuwa.

Kaka, daga ƙarshen Satumba zuwa Disamba. Gero ne ke fara shigowa, sai gyaɗa da wake, dawa ta zo daga baya. Hatsi ya fi araha, kuɗi ya shigo hannu, hidimar Kirsimeti kuma na tafe.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Aikin gona ya lafa. Lokacin gini ne da bugun tubali da karatu. Amma a tuna, a lokacin ne matasa da yawa ke tafiya ci-rani Kano da sauran birane. Akwai lokaci, amma hannu ya ragu. Saboda haka aikin da ke buƙatar ƙarfi a sa shi da wuri, da zarar an gama shigar da dawa, kafin su tafi.

Idan aikin ya haɗa mu da maƙwabtanmu Musulmi, kamar gyaran hanya ko rijiyar gari, a duba lokacin azumi. Kowace shekara yana matsowa baya da kamar kwana 11. Kada a sa gayya a cikinsa, kada kuma a sa ta ranar Juma'a.

2. Aikin da ke jira da wanda ba ya jira

Idan ayyuka sun yi karo, tambaya ɗaya ce za ta raba gardama: "Idan muka jinkirta wannan da mako biyu, me za mu rasa?" Amsar za ta raba ayyukan gida uku.

Na farko, aikin da Allah ya sa wa lokaci. Shuka bayan ruwa mai kyau, noman firi, dashen itatuwa, girbin wake. Idan lokacinsu ya wuce, sai baɗi.

Na biyu, aikin da wasu suka sa wa rana. Zuwan ma'aikatan lafiya, biyan kuɗin makaranta, rahoton da za a aika wa waɗanda suka ba da taimako. Ana iya roƙon a ɗaga wasu, amma sai an yi magana tun da wuri.

Na uku, aikin da mu ne muka sa wa rana. Taron kwamiti, fenti, sayen benci, ziyarar wata ƙungiya. Waɗannan su ne ya kamata su kauce wa sauran.

Ga misali. A ce a mako guda cikin watan Yuli abubuwa biyar sun haɗu: ciyawa ta taso a gonaki, ma'aikatan lafiya za su zo raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, itatuwan lambu sun isa dashe, akwai taron kwamitin rumbu, kuma ana son wani ya je sakatariyar ƙaramar hukuma karɓo takarda. Yaya za a yi?

Maganin yara ba ya jira. Ana ba da shi sau ɗaya a wata a lokacin damina ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, kuma kowane zagaye na kwana uku ne: ma'aikaci ya ba da na ranar farko, uwa ta ba da na kwana biyun da suka rage. Yaron da ya rasa zagaye ɗaya zai zauna wata guda ba kariya a lokacin da sauro ya fi yawa. Saboda haka a sanar tun ranar Lahadi, a tabbata a kowane gida akwai babba tare da yara a ranar. Noma shi ma ba ya jira, domin ciyawa tana cinye takin da aka zuba wa shuka. Dashen itatuwa zai iya jiran kwana uku ko huɗu idan akwai mai ba su ruwa, sai a yi shi da yamma bayan ruwan sama, matasa su taru su gama cikin awa biyu. Takarda kuwa a ba wanda dama zai shiga gari. Taron kwamiti a ɗaga shi zuwa Lahadi bayan an tashi daga sujada. Ga shi an yi duka biyar, babu gonar da ta kwana cikin ciyawa.

3. Kada a tara wa mutum ɗaya kaya

A kowane ƙauye akwai wanda ya iya rubutu, mai gaskiya, wanda ba ya iya cewa a'a. Shi ne sakataren rumbu, shi ne malamin yaƙi da jahilci, shi ne mai karɓar baƙi. Ranar da ya kwanta rashin lafiya ko ya yi tafiya, komai ya tsaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawararmu ita ce kada mutum ya shugabanci fiye da aiki ɗaya, kada kuma ya zauna a kwamiti fiye da biyu. Kowane aiki ya kasance da mutum ɗaya da aka san shi da shi, wanda za a tambaya idan abu bai tafi daidai ba. Idan aka ce "kwamiti zai duba famfo", babu wanda zai duba. Idan aka ce "wane zai kira makaniki kafin Laraba", za a kira shi. Kowane shugaba kuma ya sami mataimaki daga cikin matasa, mace ko namiji, wanda zai riƙa koyon aikin.

'Yan'uwanmu mata na Jamhuriyar Nijar sun nuna mana misali. A shekarar 1991, a yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE ta taimaka aka kafa ƙungiyoyin ajiya da rance da ake kira Mata Masu Dubara. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, har da Najeriya. A irin waɗannan ƙungiyoyi akwatin kuɗi yana da kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku, wata dabam ce ke ajiye akwatin, wata ke riƙe da littafi, wasu ke ƙirga kuɗi a gaban kowa. Babu wadda aka ɗora wa nauyi duka, babu kuma wadda za a zarga ita kaɗai. Abin da ya yi wa akwati amfani zai yi wa rumbu da rijiya amfani.

4. Allo mai gida uku

A sami allo ko babban kwali, a raba shi gida uku. A rubuta a sama: ZA A YI, ANA YI, AN GAMA. Kowane aiki a rubuta shi a ƙaramar takarda tare da sunan mai yinsa da ranar gamawa. Saboda waɗanda ba su karatu, a zana alama: bokiti don famfo, buhu don rumbu, ganye don itatuwa. Idan aiki ya motsa, a matsar da takardarsa.

Doka ɗaya ce ke sa allon ya yi amfani: gidan tsakiya kada ya ɗauki fiye da takarda uku, da damina kuma biyu sun isa. Ba za a shigar da sabuwa ba sai wata ta fita. Aiki ɗaya da aka gama ya fi biyar da aka kai rabi, domin rijiyar da aka haƙa rabi ba ta ba da rabin ruwa.

Babban aiki kuma a yanka shi ƙanana. "Cika rumbu" ya yi girma da yawa, ba wanda ya san ta ina zai kama. A raba shi: share ɗakin ajiya da toshe ramukan ɓera a Satumba, sayen buhuna a Satumba, tara gudummawa a Oktoba, sayen gero da wake a Oktoba da Nuwamba, sayen dawa a Disamba, ƙirga buhuna a gaban jama'a kafin Kirsimeti. Idan za a ajiye wake, a tanadi buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar kuma aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007. Yana da leda biyu a ciki da buhu a waje. Idan aka ɗaure kowanne da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Amma sai waken ya bushe sarai, kuma sai buhun yana hannu kafin girbi. Wanda ya fara neman buhu bayan ya casa wake, ƙwari sun riga shi.

5. Kowane aiki da littafinsa da kuɗinsa

Littafi ɗaya da aka cusa komai a ciki shi ne mafarin rikici. A sayi littafin makaranta ga kowane aiki, a rubuta sunan aikin a bango. A kowane shafi a ja layi biyar: rana, abin da aka yi, kuɗin da ya shiga, kuɗin da ya fita, abin da ya rage. A rubuta a ranar da abin ya faru. Rasit a maƙala shi a bayan littafin. Idan mai kaya ba shi da rasit, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaida. Idan an tura kuɗi ta waya ko ta wurin mai POS, shi ma a rubuta shi a littafi, domin waya tana ɓata, tana kuma lalacewa.

Kuɗin wani aiki kada ya shiga wani. Famfo zai lalace a watan Agusta, wani ya ce a ara daga kuɗin rumbu. Da kaka ta zo, hatsi ya yi araha, sai a tarar babu kuɗin saye. Kafin a tara, farashi ya tashi, kuɗin buhu goma ya koma na bakwai ko takwas. Gidajen da za su dogara ga rumbun da damina su ne za su biya wannan bashin da cikinsu. Idan aron ya zama dole, to a yanke shi a taro, a rubuta a littattafan biyu, a sa ranar biya wadda ta riga kaka. Abin da ya fi shi ne kowane gida ya riƙa ba da ɗan abu kowane wata don asusun gyaran famfo, tun yana da lafiya.

6. Tafiya ɗaya, buƙatu da yawa

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na acaɓa ya zama babban kaso na kuɗin kowane aiki. A ajiye takarda ɗaya mai suna "saƙon gari". Duk mai buƙata ya sa a rubuta masa. Mai zuwa Gaya ko Ajingi ya haɗa sakatariya da asibiti da malamin gona a rana ɗaya. Mai zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a ya sayo wa rumbu buhuna, ya sayo wa famfo roba, ya tambayo farashin hatsi. Abin da ba a samu kusa ba, a jira mai zuwa Kano ko Dutse. Kafin a tashi a buga waya a tabbata wanda ake nema yana nan. Kuɗin kati bai kai kuɗin mota ba.

Kada mu manta da hukumomin da aikinsu ne su taimaka. Malaman gona na KNARDA suna ba da shawara kan iri da taki. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma jin bayaninsa a rediyo. Hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ita ce wurin tuntuɓa kan ajin yaƙi da jahilci. Aikin da wani zai iya ɗauke mana, kada mu sa shi a kanmu.

7. Taro gajere, a kan lokaci

Taron da ya kai awa uku yana korar mutane. A sa rana ɗaya tabbatacciya, a tsaya a gaban allo, kowane shugaban aiki ya amsa tambaya uku: Me aka gama? Me ya rage? Me ya tare hanya? Minti talatin sun isa. Idan wata magana ta yi tsawo, waɗanda ta shafa su tsaya bayan an tashi. Kafin a watse sakatare ya karanta abin da aka yanke: wa zai yi, me zai yi, yaushe. Da rani a yi taron kowane mako, da damina sau biyu a wata.

A lura da lokacin mata. Su ne ke ɗebo ruwa da itace, su yi daka da girki, su kula da yara da marasa lafiya, ga nasu gonakin. Idan an sa taro da yamma lokacin ɗora tukunya, ba za su zo ba, daga baya a ce ba su damu ba. A tambaye su lokacin da ya dace da su, a bi abin da suka faɗa. Haka kuma ranar hutu ta zama ta hutu. Gajiyayyen mutum shi ne ke kuskuren lissafi, shi ne kuma ke saurin fushi.

8. Idan sabon aiki ya zo

Wata rana baƙi za su zo da mota su ce sun kawo taimako: kiwon awaki, ko injin niƙa, ko noman rani. Kunya takan hana mu cewa komai sai godiya. A yi godiya, amma a roƙi mako biyu don shawara. A koma ga zanen shekara da allo, a yi tambaya huɗu. Wane ne zai riƙe shi, wanda ba ya riƙe da wani? A wane wata nauyinsa zai faɗo? Me za a nema daga gare mu na kuɗi ko ƙarfi? Idan baƙin sun tafi, wa zai ci gaba da gyara?

Idan amsoshin ba su gamsar ba, ba laifi ba ne a ce, "Muna so, amma sai bayan kaka." Ƙungiyar da ke nufin alheri za ta ji daɗin wannan amsa, domin ita ma ba ta son kayanta su lalace. Haka nan idan wani tsohon aiki ya daina amfani, a rufe shi a fili: a karanta lissafinsa, a gode wa waɗanda suka yi wahala, a yanke abin da za a yi da kayan da suka rage. Aikin da ya mutu ba a rufe shi ba yana ci gaba da cin lokaci da jawo gunaguni.

Kada a ce za a fara dukan waɗannan a rana ɗaya, domin hakan ma wani tarin kaya ne. A wannan wata a zana shekara. Wata mai zuwa a kafa allo. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. Ayyuka nawa muke riƙe da su yanzu? Mu lissafa su da sunan mai riƙe da kowanne. Sunan wa ya fito fiye da sau biyu?
2. A wane wata ayyukanmu suka fi cin karo? Wanne za mu iya matsarwa zuwa hunturu?
3. Akwai aikin da muka fara ba mu gama ba? Za mu gama shi ne, ko za mu rufe shi?
4. Idan ma'ajinmu ya yi tafiyar wata guda, wa zai iya buɗe littafi ya gane abin da ke ciki?
5. Mun taɓa tambayar mata da matasa lokacin da ya fi dacewa da su?